Hannun da Na Miƙa wa Marzuƙu

Tun kuna ƙanana kuke tambayata ina yatsuna biyu na hannun hagu suka tafi, ni kuma kullum amsa ɗaya nake ba ku, wato ƙofar mota. Na so in shiga kabari da wannan amsar, don ba ta cuci kowa ba. Abin da ya sa na fasa shi ne maganar da jikata Rabi ta kwaso daga Islamiyya, wai wata yarinya ta ce mata kakanta sata ya yi a Makka aka yanke masa yatsu. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba don takaici. Wanda ya ƙirƙiro ƙaryar ma bai iya ta ba, domin ɓarawo hannun dama ake cire masa ɗungurungum, ba ƙaramin yatsa da na kusa da shi ba, kuma ni a Riyad na zauna ba a Makka ba. To ga gaskiyar nan, ku karanta, ku karanta wa 'ya'yanku. Biri ne ya cire su. A gidanmu, mahaifiyarku da yayarku Amina kaɗai suka sani.

A wancan lokacin ina direba a gidan wani Balarabe da ake kira Abu Fahad, a unguwar Nasim. Shi ne kafilina, wato wanda takardar zamana a ƙasar take ƙarƙashin sunansa. Mu kuma muna haya a Shumaisi, ɗakunan nan biyu da kuka taso a ciki kuna Larabci kamar a bakinku aka ƙera shi, Hausa kuwa sai an yi da gaske. Abu Fahad ba mugu ba ne, amma mutum ne da idan ya ga abu ya burge shi sai ya saya, tunani ya biyo baya. Haka ya sayo wa yaransa ɗan jaririn biri, irin manyan nan baƙaƙe marasa wutsiya, waɗanda mu muke haɗa su duka mu ce gwaggon biri, su kuma Larabawa suke cewa shambanzi. Suka sa masa suna Marzuƙ, ni na ƙara masa wasali ya zama Marzuƙu. Yana ƙarami har riga ake sa masa, ana ba shi madara a kwalba, ana ɗaukar hoto da shi. Da ya girma ya fasa talabijin, ya ɓalle ƙofar firiji, ya finciki gashin 'yar aikin gidan, sai soyayya ta ƙare. Aka ƙera masa kejin ƙarfe a istiraha, gidan shaƙatawar da Abu Fahad yake da shi a bayan gari, mai doguwar katanga da bishiyoyin dabino.

Jim kaɗan bayan Babbar Salla ya kira ni.

"Ya Harun, kai ɗan Afirka ne. Ku kun san birai."

"Ranka ya daɗe, ni dai..."

"Khalas, shi ke nan. Kullum da rana, bayan ka sauke yara daga makaranta, ka je ka ba shi abinci ka wanke kejin."

"Abshir," na ce, wato an gama.

Ni da a duk rayuwata a Jibiya biran da na sani su ne jajayen nan masu ɓarna a gonar gyaɗa, sai na gardawa da ake ɗaura wa igiya a ƙugu ranar kasuwa. Amma wanda zamansa yake hannun wani ba ya cewa ban iya ba. Ranar farko da na tsaya gaban kejin, Marzuƙu ya miƙe da ƙafa biyu, gashinsa duk ya tashi tsaye har ya ninka girmansa, ya zabura ya daki ƙofar ƙarfen da ƙafafu biyu. Ƙarar ta shige ni har cikin haƙora. Na tarar da kaina a bakin ƙofar waje ban san lokacin da na kai can ba, mai gadi ɗan Bangaladash yana ta ƙyaƙyata mini dariya. Shi daga nesa yake jefa masa abinci, kuma daga baya na gane shi ne mai hankalin a cikinmu.

Abin da ya jawo komai tarbiyyar gidanmu ce. A can nake cin abincin ranata, kabsar da nake sayowa a hanya, shinkafa da kaza, a ƙarƙashin inuwar da ke kusa da kejin, don ita kaɗai ce inuwar kirki a wurin. Ina ci yana kallon hannuna, daga faranti zuwa baki, daga baki zuwa faranti. Kun san yadda babana ya rene mu, kuma haka na rene ku: ba a cin abinci ido na kallo ba a ce bismilla ba. Na daure kwana da kwanaki. Rannan dai na gaji, na tura farantin da ƙafa zuwa gindin ƙarfen, na ce, "Marzuƙu, bismilla." Ya zuro wannan dogon hannun nasa, ya ɗebi shinkafa a hankali kamar surukin da aka gayyata, ya kai baki. Da ya gama sai ya juya ya ɗauko rabin ayaba daga nasa abincin ya miƙo mini ta tsakanin ƙarafa. Na miƙa hannu na karɓa. Bai sauke ido daga kaina ba sai da na ci.

Daga nan abin ya zama ƙa'ida. Duk abin da na kawo masa, lemo ne, tuffa ce, dabino ne, sai ya fara gutsura ya miƙo mini, na ci, sannan ya ci. Kada ku ɗauka tsoronsa ya bar ni. Ko sau ɗaya bai bar ni ba. Na ga ya lanƙwasa bakin shebur da hannu ɗaya yana hamma. Kullum in zan karɓi abin da ya miƙo sai na karanta duk abin da ya zo bakina, kuma idan yatsunsa masu kaushi suka taɓa tafina sai tsikar jikina ta tashi. Amma a garin da za ka yi wata guda ba wanda ya tambaye ka ko ka ci abinci in ba matarka ba, akwai wani abu a cikin a ce wata halitta ba za ta ci ba sai ka ci.

Sai azumi ya zo, a tsakiyar zafin nan na Riyad da ko sitiyari ba ya taɓuwa sai da tsumma. Ban taɓa kawo wa raina cewa azumi zai shafi biri ba. Na zuba masa abinci, ya gutsura, ya miƙo.

"Ina azumi, Marzuƙu. Ci abinka."

Ya daɗe da hannu a miƙe, sannan ya yi jifa da shi. Washegari haka, jibi haka. Da zan iya zuwa lokacin shan ruwa da an huta, amma wannan ne lokacin da direba ba ya da kansa: kai abinci gidan wannan, ɗauko wancan, kai mata masallaci. Marzuƙu ya koma cin abin da bai taka kara ya karya ba, ya riƙa zama a lungu ya juya mini baya. Rannan da azahar ina wanke kejin, tiyon ruwa yana hannuna na dama, maƙogwarona ya bushe, kaina yana sarawa, sai ya matso ya miƙo mini ɓarin lemo. Na ce a'a. Ya ƙara miƙowa har yana taɓa rigata, yana wani ɗan gunaguni ƙasa-ƙasa. Ƙamshin lemon ya bugi hancina, haushi ya kama ni, na sa bayan hannun hagu na kaɗe shi. Lemon ya faɗa cikin ruwan dattin da nake korawa.

Ban ga lokacin da ya kama ni ba. Na dai ji an fizge ni, fuskata ta daki ƙarfe, hannuna ya shige ciki har kafaɗa. Ban ji zafi da farko ba, ƙara na ji, irin ta ƙashin kaza idan an tauna. Idonsa yana dab da nawa. Na yi salati, na yi ihu, na kira sunan innata da ta daɗe a ƙasa. Mai gadi ne ya ɗauki tiyon ya feshe shi a fuska, sannan ya sake ni.

A hanyar asibiti Abu Fahad da kansa ya tuƙa, karo na farko da na zauna a baya shi yana gaba. Ajiye irin wannan dabba a gida ba a yarda da shi ba, kuma ya sani.

"Ƙofar mota, ya Harun. Ka gane?"

"Na gane, ranka ya daɗe."

Likitan da ya ɗinke ni ya daɗe yana duban ciwon, ya ce lallai wannan motar tana da haƙora, ya rubuta mini allurai masu yawa. Daga ranar ban sake taka istiraha ba. Ko ƙofar shago aka ja da ƙarfi sai in ji gumi ya keto mini, in an ɓare lemo a gida sai in fita waje. Abu Fahad ya so ya harbe shi, babbar 'yarsa Nura, wadda take jami'a, ta ce sai dai a fara da ita. Ita ta yi ta bin hanyoyi wata da watanni, har aka samu wani wuri a gabashin Afirka, tsibiri a tsakiyar wani babban tafki, inda ake tara irin waɗannan birai da aka ƙwato daga hannun mutane. Aka zo aka yi masa allurar barci, aka sa shi a akwati aka tafi da shi. Da na ji labari na yi sujada. Na ce tsakanina da shi sai a lahira, in ma ana haɗuwa da birai a can.

Ba a daɗe ba, na sauke Nura a ƙofar gida sai ta ce, "Ammi Harun, tsaya ka ga wani abu." Haka take kirana, wato baffa da Larabci. Ta nuna mini a wayarta. Marzuƙu ne a wani keji, haƙarƙarinsa a waje, gashin kafaɗarsa ya zube. An zuba masa 'ya'yan itatuwa tuli. Ya ɗauki ɗaya, ya gutsura, ya zuro hannu waje ya tsaya. Ba wanda ya karɓa, don dokar wurin ta hana. Ya jira, ya jira, ya saki abin ya faɗi. A istiraha yana ɗan taɓa abinci ko yaya, can kuwa, baƙon wuri da baƙin fuskoki, ya daina gaba ɗaya. Ashe Nura ta ba masu kula da wurin labarina, suka ce ko zan zo ya gan ni. Da yamma Abu Fahad ya kira ni, ya ce zai yi mini takardar fita da dawowa, zai yi komai na tafiya. Sannan ya faɗi abin da bai taɓa faɗa mini ba.

"Ba dole, ya Harun. In ba ka so, khalas."

Wallahi da umarni ya ba ni da ya fi mini sauƙi, in ce abshir in ɗora masa alhakin. Da na kai maganar gida, mahaifiyarku tana tuƙa tuwo, ta saki muciyar a tukunya.

"Malam, lafiyarka kuwa? Abin da ya mai da kai haka, shi za ka hau jirgi ka je ka gaisar?"

"Ba ya cin abinci, Hajara."

"To ya mutu mana! Ɗan'uwanka ne? Da wannan hannun da ya rage kake tuƙi, da shi muke ci. In ya cire shi, wa zai riƙe direba mai dungu? A sa mu a jirgi da yara biyar, mu koma mu ce me?"

Amina ta sa baki da Hausarta mai gauraye, ta ce, "Umma, haram, miskin ne, Baba yake jira." Mahaifiyarku ta daka mata tsawa. Gaskiyar Hajara ce, kuma na sani. Amma duk lokacin da na kai loma baki sai in ga hannun nan a miƙe. Ranar tafiya ba ta yi mini magana ba sai da na ɗauki jaka. Ta tare ƙofa.

"Na san halinka, za ka miƙa masa hannu. To in dole ne, ka ba shi na hagun. Ya riga ya san ɗanɗanonsa. Ka yi mini alkawari."

Na ce in sha Allahu.

Jirgi, mota, sannan kwalekwale mai inji. Ni ɗan Jibiya da na yi rabin rayuwata a hamada, ban taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa daga cikin ƙaramin abu irin wannan ba. Na ƙanƙame katako har farcena ya yi fari. Wanda ya zo tarbata wani ma'aikacin wurin ne mai suna Juma, Musulmi, wanda ya taɓa aikin gini a Jidda, saboda haka da Larabcinmu na 'yan ƙwadago muka riƙa fahimtar juna. Ya ce an zaɓi tsibiri ne saboda waɗannan birai ba su iya iyo ba. Na ce masa ni ma ban iya ba, ke nan ni da su duk an kulle mu wuri ɗaya. Ya yi dariya, ni ban yi ba. Muna dosar gaɓa sai dajin ya ɗauki kuka. Ɗaya ya fara, hu, hu, hu, yana hawa, sai sauran suka amsa gaba ɗaya, ana dukan gindin bishiyoyi kamar ganguna. Muryar Marzuƙu ɗaya ta hana ni sukuni wata da watanni, ga ni yanzu na kawo kaina garinsu. Da kwalekwalen ya tsaya, Juma ya kama hannuna ya sauke ni.

Sababbin zuwa ana ajiye su a wani gini daban kafin a sake su cikin daji. A ƙasa, gaban kejin, an ja farin layi da fenti. Juma ya nuna shi ya ce, "Mamnu', an hana. Komai ya faru kada ka tsallake." Likitar dabbobin wurin, wata mace gajeriya mai furfura, tana tsaye a gefe. Marzuƙu yana kwance a lungu ya ba mu baya. Na tsaya bayan layin na kira shi.

"Marzuƙu."

Ya ɗago. Ya juyo a hankali ya dube ni, sai ya saki wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, ya taso da sauran ƙarfinsa ya daki ƙarfen. Na ja da baya har na faɗi zaune. Na ji fitsari yana neman kufce mini, dattijo da ni. Aka kawo faranti da ayaba da gwanda, aka raba biyu, rabi aka tura masa, rabi aka ba ni. Dabararsu ita ce in zauna bayan layi in ci yana gani. Na ce, "Marzuƙu, bismilla," na ci. Ya kalle ni kawai. Sannan ya ɗauki gwanda, ya gutsura, ya zuro hannu. Hannun ya rame, amma tsawonsa na nan yadda na san shi.

Juma ya ce, "La, ya Harun," wato a'a. Na dubi likitar. Ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba, haƙarƙarinsa take kallo. Na matsa da gwiwa har na hau farin layin. Ina jin warin jikinsa, warin da na ji ranar da fuskata take manne da ƙarfe. Maganar mahaifiyarku tana kunnena, kuma wallahi na yi niyyar cika ta, har na fara ɗaga na hagun. Sai na ga abin da nake shirin yi. Da wannan hannun na kaɗe masa lemo. Tunda aka haife ni ban taɓa karɓar abinci daga hannun kowa da hagu ba, kuma wanda ya yi kwana da kwanaki da yunwa yana jirana ba shi zan fara yi wa ba. Na mai da na hagun bayana, na rufe ido, na miƙa na dama.

Ya kama wuyan hannun. Riƙon bai yi tsanani ba, amma na san ko mutum goma ba za su ƙwace ni ba. Na ji Juma ya ja numfashi. Ya jawo hannun ciki, ya juya shi, na ji hucin hancinsa a kan yatsuna, na ji leɓensa ya taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Na yi kalmar shahada, na ga Hajara da ku a filin jirgi da ƙullin kaya. Ban san tsawon lokacin ba. Sai na ji abu mai sanyi a tafina, aka naɗe yatsuna a kansa, aka sake ni. Na buɗe ido na kai gwandar baki, da ƙasa-ƙasa a jikinta da yawunsa. Na haɗiye. Marzuƙu ya zauna, ya jawo farantin gabansa, ya fara ci da hannu biyu.

Na yi 'yan kwanaki a tsibirin, kuma kullum sai na miƙa hannun nan, kuma kullum tsoron sabo ne. Likitar ta sa aka kawo wata tsohuwar birinya mai haƙuri keji na kusa da nasa. Ranar da zan tafi na tsaya daga nesa inda ba ya ganina. Ya gutsura ayaba, ya zuro hannu ta wajen da nake zama, ya jira. Tsohuwar ta miƙo nata ta tsakanin ƙarafa ta karɓe ta cinye, ba ko godiya. Ya dube ta, ya dubi hannunsa, ya ci gaba da ci. Na ji daɗi, na kuma ji wani abu mai kama da kishi, ba zan ɓoye muku ba. Ban sake ganinsa ba.

Da na iso Shumaisi da hantsi, kuna makaranta, Amina ce ta buɗe ƙofa. Mahaifiyarku ko sannu da zuwa ba ta ce ba. Ta kama hannuwana biyu ta juya su gaba da baya, tana taɓa yatsun.

"Wanne ka ba shi?"

"Na dama."

Ta ɗaga nata ta maka wa hannun duka har sai da ya yi zafi, sannan ta riƙe shi ta fashe da kuka. Da ta gaji ta share fuska da gefen mayafi, ta shiga ta zubo tuwo da miyar kuka ta dire a gabana, ta zauna tana kallona. A lokacin na lura wuyanta ya zurma. Amina ta raɗa mini da Larabci cewa tun ranar da na fita Umma shayi kawai take sha. Na wanke hannu, na tura kwanon tsakiyarmu, na ce, "Hajara, bismilla." Ba ta motsa ba sai da ta ga na haɗiye lomar farko, sannan ta sa hannu.